Tausayi kaɗai ba ya koya wa yaro karatu

Ranar da na faɗa wa kawuna cewa ilimin masu buƙata ta musamman zan karanta a jami'a, sai da ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, Allah ya ba ka lada. Amma wannan har sai an je jami'a? Ai haƙuri ne da tausayi, kuma kana da su." Da zuciya ɗaya ya faɗa, yabona ma yake yi. Shekaru sun shuɗe, na yi karatun, na shiga aji, kuma har yau maganar nan nake ji daga bakin mutane iri-iri, har da manyan 'yan boko: wai koyar da makaho, ko kurma, ko yaron da fahimta ke yi wa wuya, aikin lada ne da duk mai kyakkyawar zuciya zai iya. Ni ban yarda ba. Tunanin nan yana da daɗin ji, amma yana cikin abubuwan da suka fi cutar da yaran da ake cewa ana tausaya wa.

A makon farko na koyarwar gwaji na fara gane haka. An tura ni ajin yara makafi, ƙarƙashin wata malama da ta daɗe a aikin. Akwai wata yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba, tana koyon rubutu da allon makafi. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, faranti biyu ne a haɗe, ana sa takarda mai kauri a tsakaninsu. Na saman yana da 'yan tagogi a jere, kowace taga da gurbin ɗigo shida, uku a hagu uku a dama, kuma da wani ɗan tsinke ake danna ɗigon. Da yake ta bayan takarda ake dannawa, dole a faro daga dama a nufi hagu, sai an gama a juya takardar a shafa daga hagu zuwa dama. Yarinyar na cikin wannan fama sai tsinken ya suɓuce mata, ya gangara ƙarƙashin benci. Kafin ta motsa na riga na sunkuya na ɗauko. Malamar ta ce a hankali, "Malam, mayar da shi inda yake." Na mayar, raina bai so ba. Yarinyar ta tsuguna, hannu ɗaya a gaban fuskarta don kada ta bugi bakin tebur, ɗayan ta shimfiɗa tafinsa a ƙasa daidai inda ta ji ƙarar faɗuwar, tana shafawa a zagaye, ƙaramar da'ira, sai babba, sai wadda ta fi ta. Ba a yi minti ɗaya ba ta kama shi. Bayan an tashi malamar ta ce mini, "Kai wata uku za ka yi ka tafi. Ita kuwa abu zai yi ta faɗuwa daga hannunta har ƙarshen rayuwarta. Mako biyu muka yi muna koyon neman nan."

Tausayi ne ya sunkuyar da ni. Malamar ba ta fi ni taurin zuciya ba, ta fi ni sani ne. Ta san neman abin da ya faɗi darasi ne mai ƙa'ida, yana cikin fannin da ake koya wa makaho sanin wuri da zirga-zirga, tare da riƙon farar sanda da hawa matakala da tsallaka titi. Da an bar mini yarinyar nan shekara guda a lokacin, da na mayar da ita mai jiran a miƙo mata komai, kuma da kowa ya ce ni malamin kirki ne.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, ya duba abin da ya sami kurame. A watan Satumba na 1880 malaman kurame daga ƙasashe daban-daban suka taru a birnin Milan na Italiya. Kusan dukkansu masu ji ne. Suka zartar cewa koyar da kurma da baki, wato a sa shi furta sauti da karanta leɓen mai magana, ya fi maganar hannu. Ba mugaye ba ne, so suke yaran su zama kamar kowa. Sakamakon haka makarantu da dama suka kori maganar hannu daga aji, malamai kurame suka rasa aikinsu, aka riƙa hukunta yaro in an kama shi yana magana da hannu. Yara suka shafe shekaru suna kokawa da sautin da ba su taɓa ji ba, lissafi da kimiyya da tarihi suna wuce su. Ka tsaya gaban madubi ka ce "baba" ka ce "mama" ba tare da murya ba, ka ce "kashi" ka ce "gashi". Motsin baki ɗaya ne. A kan irin wannan aka ce yaro ya gina iliminsa duka. Sai a 1960 wani malami a kwalejin kurame ta Gallaudet a Amurka, William Stokoe, ya nuna da bincike cewa maganar hannu harshe ne cikakke mai nahawun kansa. Shi kuwa taron malaman kurame na duniya bai janye hukuncin Milan ba sai a zamansa na birnin Vancouver a Kanada, a 2010. Shekara 130 ke nan, kuma yaran da suka tashi a tsakani ba wanda zai mayar musu da ƙuruciyarsu.

Makafi ma ba su tsira ba. An haifi Louis Braille a Faransa a 1809, ya ji ciwo a ido yana ɗan shekara uku a wurin aikin mahaifinsa mai sana'ar fata, daga baya ya rasa gani gaba ɗaya. A makarantar makafi ta Paris littattafan da ya tarar na manyan haruffan boko ne masu tudu, yatsa sai ya bi kowace lanƙwasa kafin a gane harafi guda, kuma yaro ba ya iya rubuta su da kansa. Yana ɗan shekara 15 ya tsara ɗigo shidan nan da kan yatsa ke rufewa a taɓawa ɗaya, waɗanda ke ba da siffofi 63. Ɗalibai suka rungume shi nan take. Malamai masu gani kuwa sun fi son haruffan da idonsu ya saba da su, har akwai lokacin da aka hana amfani da tsarinsa a makarantar. Ba a karɓe shi a hukumance a can ba sai 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa. A Milan da Paris duka, masu son yaran ne suka auna abin da ya dace da yaran da ma'aunin idonsu da kunnensu.

Saboda haka nake ganin digirin nan wajibi ne ga duk mai son ya yi aikin da gaske. Shekara uku ko huɗu da ake yi a jami'a, in an yi su yadda ya kamata, abu na farko da suke ba mutum shi ne lura. Ana karanta yadda yaro ke girma, wata nawa yake fara zama, yaushe yake fara kiran suna, yaushe yake haɗa kalma biyu, domin in wani abu ya makara ka gane ya makara. Ana koyon yadda ake auna yaro ba tare da an zalunce shi ba, don kada a ba kurma jarrabawar baka sannan a rubuta cewa ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja. Ana koyon fasa aiki gida-gida: sa riga da muke yi ba tare da tunani ba matakai ne da yawa, kuma akwai yaron da sai an faro masa daga mataki na ƙarshe, ya ɗanɗani daɗin gamawa, sannan a riƙa ja da baya. Ana koyon rubuta wa kowane yaro tsarinsa shi kaɗai, abin da doka ta wajabta a Amurka tun 1975, mai buri da za a iya aunawa. "Ya iya karatu" fata ne. "Zuwa ƙarshen zango ya karanta kalmomi ashirin masu gaɓa biyu ba tare da taimako ba" shi ne buri, domin ranar ƙarshen zango za a san an kai ko ba a kai ba. Ga kuma na'urori: manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke fuskar kwamfuta, na'urar ƙara ji da yadda ake duba batirinta kowace safiya, allon hotuna ga yaron da ba ya magana.

Abin da ya fi amfanata a cikin duka shi ne darasin fahimtar halayya. Na koyar da wani yaro mai lalurar otizim, wadda ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, ɗan shekara bakwai, wanda kusan kullum da hantsi yakan toshe kunnuwansa, ya zube ƙasa yana ihu yana buga ƙafa. Kafin zuwana an riga an yanke masa hukunci: taurin kai ne, an sangarta shi a gida. A jami'a an koya mana kada mu yi saurin fassara. A ɗauki takarda a raba ta gida uku, me ya faru kafin abin, me yaron ya yi, me ya biyo baya, a rubuta har da lokaci. Kwana takwas na yi ina rubutawa. Da na jera takardun sai ga shi ƙarara: ihun yana farawa ne 'yan mintuna kafin ƙararrawar tara, wadda ke rataye a bayan tagar da yake zaune. Ya san tana tafe, kuma ƙararta a kunnensa azaba ce. Muka sauya masa wurin zama, muka yi masa kati mai hoton ƙararrawa da nake nuna masa kafin a buga, aka samo masa abin toshe kunne. Ihun bai ɓace rana ɗaya ba, amma ya ragu har ya zama sai jefi-jefi. Mahaifiyarsa ta zo ta ce, "Malam, ashe ba rashin tarbiyya ba ne." Sai hawaye. Shekara biyu tana ɗauke da laifin da ba nata ba.

Irin yaran nan ba tsiraru ba ne a wata makaranta can bayan gari. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 a duniya suna da wata naƙasa, wato kimanin yaro ɗaya cikin goma. A Birtaniya kuma, rahoton kwamitin da Mary Warnock ta jagoranta a 1978, wanda ya yayata wannan suna na buƙata ta musamman a fagen ilimi, ya ce kimanin yaro ɗaya cikin biyar zai buƙaci wani taimako na musamman a wani lokaci na zamansa a makaranta. Da yawansu ba sanda ba keken guragu, ba abin da ido zai gani. Tun a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda karatu ya gagara, har malaminsa ya ce da a ce da baki ake koyar da komai, da ya fi kowa a makarantar. Yau ana kiran lalurar disleksiya, kuma an gano yawanci matsalar ba a ido take ba, tana wajen rarrabe sautukan magana da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa. Akwai hanyar koyar da irin wannan yaro, sauti bayan sauti, a tsare, da maimaici. Malamin da bai san da wannan ba zai kira shi malalaci ko daƙiƙi, wataƙila har ya ɗaga masa bulala, kuma zai kwana yana ganin ya yi aikinsa.

A nan ne nake da magana da masu tsara manufofin ilimi. A 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka hallara a Salamanca ta ƙasar Sifaniya, suka amince cewa makarantun kowa da kowa su karɓi dukkan yara. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 24 ya tabbatar da haƙƙin karatu tare da sauran yara, ya kuma ambaci rubutun Braille da maganar hannu da horar da malamai. Ina goyon bayan wannan har zuciyata. Yaro ya tashi cikin tsararrakinsa, su san shi ya san su. Amma na ga yadda ake aiwatar da shi a wurare da dama: a kawo yarinya kurma a zaunar da ita a aji mai cunkoso, gaban malamin da ke magana yana fuskantar allo, a rubuta a rahoto cewa an haɗa ta da sauran yara. Benci kawai aka ba ta. Za ta kwafi duk abin da ke allo da kyakkyawan rubutu, shekara da shekaru, ba ta san me ta kwafa ba. Ita kanta Warnock a 2005 ta fito ta ce a sake duba yadda ake haɗawar nan, domin akwai yaran da take cutarwa. Haɗa yara a aji ɗaya yana ƙara buƙatar ƙwararrun malamai ne. Duk gwamnatin da ta sa hannu a yarjejeniya ba ta horar da malamai ta ɗauke su aiki ba, ta ɗora wa yaran nauyin alkawarin da ita ta ɗauka.

To amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Digirin da nake karewa shi ma yana da ciwo. Akwai jami'o'in da ɗalibi zai shekara huɗu yana haddace ma'anar naƙasa da rabe-rabenta da sunayen masana, ya ci jarrabawa da babban sakamako, a miƙa masa shafi ɗaya na rubutun makafi ya kasa karanta layin farko. Akwai masu shaidar ƙwarewa a ilimin kurame da iyakar abin da suka iya shi ne jera haruffa da yatsu da gaisuwa. Wannan ha'inci ne, kuma yaron da ba shi da bakin kai ƙara shi ake ha'inta. Ba wanda zai yarda a ba mutum shaidar koyar da Faransanci alhali bai iya Faransanci ba. Maganar hannu ma harshe ce da sai an zauna da masu ita, kuma ba guda ɗaya ba ce a duniya: ta Amurka daban, ta Birtaniya daban, duk da bakin mutanen ƙasashen biyu ɗaya ne. Zango ɗaya na lakca ba zai ba ka ita ba.

Don haka duk wanda ya zo neman shawarata kan shiga wannan kwas, nakan ce kada ya tsaya a sunan jami'a. Ya tambaya mako nawa ɗalibi ke yi a aji na gaske, gaban yara na gaske, kuma wa ke zuwa duba shi. Ya tambaya ko sashen yana da allunan rubutun makafi da keken buga shi da ɗalibai ke taɓawa da hannunsu, ko kuwa a hoto ake nuna su. Ya tambaya ko akwai kurma ko makaho a cikin malaman. Wannan ta ƙarshen ta fi muhimmanci a wurina. Jami'ar Gallaudet, wadda aka kafa don kurame a 1864, sai da ta shekara 124 ba ta yi shugaba kurma ba, har ɗalibanta suka rufe ta da zanga-zanga a 1988 aka naɗa I. King Jordan. Fannin da ya daɗe yana magana a kan mutane ba tare da su ba, dole ya buɗe musu ƙofa, a matsayin ɗalibai da kuma malamai. Anne Sullivan da ta koyar da Helen Keller, Ba'amurkiyar nan makauniya kuma kurma da ta zama marubuciya, ita kanta mai raunin gani ce, kuma a makarantar makafi ta Perkins ta yi karatu. Abin da na koya a wurin abokan karatuna makafi biyu, a hira da zaman ɗakin karatu, bai gaza abin da na koya a lakca ba.

Akan ce mini uwa da ta rayu da yaro shekara goma ta fi mai digiri saninsa. Gaskiya ne, kuma malamin da bai saurari iyaye ba ya yi asarar rabin iliminsa. Sai dai uwa ɗanta ta sani. Malami kuwa bana zai karɓi mai otizim, baɗi mai shanyewar gaɓoɓi, wata shekarar mai raunin ji da gani a haɗe. Ba shi da shekara goman da zai yi lalube a kan kowane, kuma yaron ba shi da lokacin jira, musamman a shekarun farko da harshe ke kafuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yawancin yara kurame iyayensu masu ji ne, ba su taɓa tunanin za su buƙaci maganar hannu ba. Wani ne zai zaunar da su ya ce musu kada su jira, su fara yau. Wannan wanin sai ya san abin da yake faɗa.

Ba zan ɓoye wahalar ba. Aikin yana cin jiki yana cin rai. Albashi a wurare da yawa bai kai nauyin aikin ba, rubuce-rubucen rahoto ba sa ƙarewa, kuma ci gaban yaro kan zo a hankali har wani lokaci ka yi wata biyu kana shakkar kanka. Akwai yaran da lalurarsu ke ƙaruwa, kana koya musu abu kana kallon jikinsu yana ƙwace shi. Na san abokan karatu da suka bar aikin, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda aka tura kwas ɗin don bai sami gurbin da yake so ba, ina ba shi shawara ya je ya yi mako guda a irin wannan aji kafin ya yanke hukunci. Wasu za su fito su san ba wurinsu ba ne, wannan ma alheri ne gare su da yaran. Wasu kuma za su ga abin da Maria Montessori ta gani a birnin Roma wajen 1900, lokacin da yaran da aka yanke wa ƙauna, waɗanda ta koyar, suka ci jarrabawar gwamnati tare da sauran yara. Dabarun da ta gwada a kansu su ta ɗauka ta buɗe makarantarta ta farko ta yara marasa lalura a 1907. Ni ma na shaida haka a ƙaramin matakina: duk dabarar da na koya don yaro guda, in na shigo da ita aji, sai in ga wasu biyar da ban san suna fama ba sun amfana.

A ajina na bana akwai wata yarinya da ta iya kiran kowane harafi, amma da zarar na ba ta fensir sai ta damƙe shi da dukkan hannunta, ta danna har bakinsa ya karye, ta ture takardar. Mako uku ke nan ina cike takardata mai gida uku. Na fara zargin matsalar a kafaɗa da wuyan hannu take, domin na lura ko cokali haka take riƙewa, kuma in ta zauna ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Na rubuta wa iyayenta su kai ta wurin masu gashin ƙashi a duba ta. Kafin nan na samo mata ɗan akwati da za ta ɗora ƙafa, ranar Litinin kuma za mu ajiye fensir mu koma babban alli a jikin allo, a tsaye.